Kafin ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka manhaja, sa ta yi maka tambayoyi

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, ƙirƙirarriyar basirar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa, a watan Nuwamban 2022, wanda bai taɓa zama ajin kwamfuta ba yana iya cewa a rubuta masa manhaja, kafin ya shanye kofin shayi ta fito. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa manhajar kan yi aiki sumul, amma ba aikin da mai ita ya nufa ba, kuma ba shi da hanyar ganewa.

A ce shugabar wata makarantar Islamiyya a unguwar Mabera ta Sakkwato tana son lissafin sakamakon zango. Ta ce wa ChatGPT a haɗa maki, a fitar da matsakaici da matsayi. To, wata yarinya zazzaɓi ya hana ta zama jarrabawar Fiƙihu. Sifili za a ba ta, ko tsallake darasin za a yi? A manhajar lissafi ta Excel, idan aka bar gurbin babu komai, lissafin matsakaici ba ya ƙirga shi, idan kuwa aka sa 0 sai ya ja ta ƙasa. Mai 80 da 70 za ta iya tashi da 75, za ta iya tashi da 50. Yara biyu sun yi kunnen doki a na 3, mai bi musu na 4 ne ko na 5? Ƙirƙirarriyar basira ba ta san al'adar makarantar ba. Takan zaɓi ɗaya ta wuce, sai ranar ba da sakamako uba ya zo da ƙorafi.

Wasu za su ce ai sai malamar ta koyi rubuta manhaja. Ban yarda ba, aikinta ya ishe ta. Abin da take buƙata bai kai haka ba. Ta umarci na'urar ta jero mata tambayoyi tukuna, sannan ta maimaita mata abin da ta fahimta cikin magana mai sauƙi. In manhaja ta fito, a gwada ta da sakamakon bara wanda aka lissafa da hannu, a cusa har da yaron da ya yi fashi da wanda ya shigo tsakiyar zango.

Ina roƙon masu horar da matasa a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai koyar da fasahar zamani, da malaman kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su ware wa wannan darasi na musamman, da Hausa, su buɗe shi ga malaman makarantu da 'yan kasuwa, kowa ya zo da tsohon littafin lissafinsa a yi gwajin a kansa.