Ni kam kwas ɗin ya taɓa ni

Wannan labari naku na cewa darasin addinai da tarihin kisan ƙare dangi na buɗe wa ɗalibi ido, ni shaida ne. Muna aji biyu a jami'ar tarayya ta Gusau muka yi kwas ɗin zaman lafiya da sasanta rikici, da farko don maki kawai nake shiga, sai ranar da malam ya ɗauko maganar Ruwanda. 1994, cikin kwana ɗari aka hallaka mutum wajen dubu 800, da yawa da adda, kuma fa Hutu da Tutsi, ƙabilun da abin ya faru tsakaninsu, yarensu ɗaya, coci ɗaya suke zuwa! Ya ce gidan rediyo ne ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai ana zuga mutane. Wallahi aji ya yi tsit, wani Bafulatani ɗan Maru da ke gefena ya sunkuyar da kai yana juya biro, ni kuwa na tuna irin sunayen da ake kiran Fulani kaf a guruf ɗin WhatsApp na unguwarmu saboda 'yan bindiga. A daren na fice daga guruf ɗin.

Mai cewa a sama wai karanta addinin wasu na ɓata aƙida, haba malam, Albiruni fa, shahararren masanin nan Musulmi, har Sanskrit, yaren littattafan addinin Hindu, ya koya ya rubuta addininsu, shekara wajen dubu kenan.