Ƙullutun da ba a jefar ba

Wata dattijuwa maƙwabciyata a nan Ingila aka cire wa ɗan ƙullutu a fatar baya, bai kai kan ɗan yatsa ba. Da a gida ne kun san sauran: a yanke, a ɗinke, a ce Allah ya sawwaƙe.

Nan kuwa cikin ruwan fomalin, mai hana tsoka ruɓewa, aka tsoma shi, aka daskarar da shi cikin kaki, aka yi ta feɗe shi siriri har haske na ratsawa, kowane yanki a kan gilashinsa don dubawa a madubin ƙara girma. Rinin farko, shuɗi da ruwan hoda, ya nuna cutar kansa ce. To daga ina? Sai aka bi da rinin da ke kama sunadarai na musamman: S100, Melan-A, HMB-45, SOX10. Duk suka kama, wato melanoma, kansar ƙwayoyin da ke samar da launi a jiki. Har da wata dabara da ta burge ni: ƙwayoyin wannan kansar ruwan ƙasa ne da kansu, don haka akan sa jan rini kada a ruɗe.

Ashe idon dattijuwar na hagu na roba ne. An cire na ainihin shekaru da dama baya saboda melanoma ta cikin ido, irin wadda ke bin jini. Galibi hanta take nufa, fata jefi-jefi. Rinin nan kaɗai ba ya raba ta da ta fata, sai aka ɗauko tsohon kakin idon daga ma'ajiya aka kwatanta, aka duba sinadarin BAP1, aka nemi sauyi a ƙwayoyin gado masu suna GNAQ da GNA11. Ba aikin banza ba ne, maganinsu ya bambanta. Tun 2022 ta ido ke da nata, tebentafusp.

Na sani, cutar ba ta cika kama baƙar fata ba, kuma kayan rinin tsada gare su. Likitocinmu ma ba kanwar lasa ba ne, wasunsu su ke duba gilasan nan a asibitocin Turawa. Amma ajiye tsoka da takarda ba ya bukatar injin miliyoyi. Mahaifiyata an yi mata aiki, yau in ka tambaye ni me aka ciro ba amsa, katin ma ya ɓata. Ina nan ina aika kuɗin magani duk wata, na cutar da ba wanda ya taɓa faɗa mana sunanta.