Katin Kawu

Ƙasusuwan jikin baligi 206 ne, malaminmu kuwa ya rantse sai mun san kowanne da sunansa kamar 'ya'yan gidanmu. Da jarabawa ta matso, shugaban ajinmu a makarantar koyon aikin jinya, nan cikin Katsina, ya ce a raba aiki: kowa ya haɗa katunan bita a manhajar Anki, ya tura zauren WhatsApp na aji. Kati ne na cikin waya, gaba tambaya, baya amsa. In ka ci, ya ɓace sai bayan kwanaki. In ka faɗi, minti kaɗan ya sake leƙo ka kamar mai bin bashi. Ni aka ba jijiyoyin nan 12 masu fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa.

Abin ya yi mini daɗi har na wuce gona da iri. A lokacin ina neman aure a Daura, wani babban gida mai dangi kamar fara, ga shi an sa ranar da zan je gaida iyaye. Yarinyar ta yi ta zayyana mini su a waya, kaina ya ɗauki zafi. Na ce ai ga magani a hannu. Na buɗe wa surukai nasu kundin daban.

Gaba: Kawu Babba. Baya: kunnen hagu ba ya ji, zauna ta dama, in ya ɗauko labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu kada ka kuskura ka duba agogo. Gaba: Gwaggo. Baya: farin goro take ci, kuma tana ƙirga tsaraba da ido tun daga zaure. Gaba: yayan yarinya. Baya: a ce masa Injiniya, janareta yake gyarawa.

Ranar turawa, ƙarfe ɗaya na dare, babu wuta, caji saura kashi 4, ga barci. Wajen fitar da kundin jijiyoyi, yatsana ya zaɓi duka kundayen. Na tura, har da rubuta "Allah ya ba da sa'a," na yi kwanciyata.

Washegari ina sa ƙafa a aji wani ya ɗaga murya daga baya: "Jama'a, Gwaggo wane goro?" Aji gaba ɗaya: "Fari!" Na rarumo waya na goge saƙon, amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Katunan sun riga sun shige wayoyinsu, manhajar kuwa aikinta ke nan, ta yi ta dawo musu da su kada su manta. Akwai wadda har yau ba ta riƙe aikin jijiya ta goma ba, amma ko cikin barci ka tashe ta za ta gaya maka sana'ar Injiniya. Malam ya tambayi wace jijiya ce ta ji, wani ya miƙe ya ce, "Ta takwas, Malam, ita ce ta lalace wa Kawu ta hagu." Malam ya ce daidai ne. Ashe shi ma yana cikin zauren.

Abin da ban sani ba, akwai wata 'yar Daura a ajin, ƙawar ƙanwar yarinyar ce tun firamare.

Ran Asabar muka ɗauki hanya ni da abokai biyu, tun daga Mashi nake jan salati. Injiniya ya tarbe mu a ƙofar gida, na ce "Injiniya, barka da rana," ya ce "Mai janareta dai." Gwaggo ta karɓi ƙullin goro, ta kwance a gabana, ta ƙirga da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, wai don ta hutar da idonta.

Aka kai ni gaban Kawu. Na durƙusa, na lallaɓa na zauna ta damansa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaro, taso ka dawo nan. Na hagun ne mai lafiya, na daman ne ya mutu. In ka koma ka gyara katinka, kada 'ya'yan mutane su faɗi jarabawa a kaina."

Sannan ya miƙo hannu ya ce in ciro agogon in ba shi ajiya, ya gyara zama, ya fara daga tasowar Bayajidda daga Bagadaza.