A tuna da masu ƙarancin data

Shawarar da wani labari ya kawo, ta a sa manhajar haɗa shirye-shirye ta riƙa sauko da JDK (kayan aikin rubuta shirye-shirye da harshen Java) da kanta idan babu shi a kwamfuta, tana da kyau. Gradle, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, ta fara yin haka tun fitowarta ta 6.7 a shekarar 2020, kuma hakan yana raba abokan aiki da ruɗanin wani yana kan Java 17, wani yana kan 21. Sai dai a nan Sakkwato, inda ɗalibai da yawa ke koyon aikin da datar wayarsu, fayil mai kusan megabait 200 ba ƙaramin abu ba ne. Ya kamata manhajar ta nemi izini tukuna, ta tantance sahihancin fayil ɗin, sannan ta adana shi don kada a sake saukewa.