An ce mu wallafa a Scopus, to da wane kuɗin?

Wata goma sha huɗu na yi ina dakon saƙon nan. Ranar da ya shigo, a shekarar 2024, ina zaune kan benci a rumfar mai cajin waya a Birnin Kebbi, don kwana uku rabonmu da wuta a unguwa. Na buɗe na ga mujallar da na tura wa bincikena ta karɓi maƙalata. Ban gama cewa alhamdulillahi ba idona ya sauka kan layin ƙasa: dala 1,800 kuɗin wallafa, a biya cikin kwana talatin. Dala ta haura naira 1,500 a lokacin, ita da ke wajen 460 kafin a saki naira a watan Yunin 2023. Ku lissafa da kanku. Miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, a hannun malamin da albashinsa ba ya ganin ashirin ga wata.

Binciken kan albasa ne. Duk wanda ya san Aliero ya san abin da ruɓa ke yi wa manomi. Ya zuba albasa a rudu yana jiran ta yi tsada, in ya zo buɗewa wari ne ke fara tarbarsa. Shekara biyu ina zirga-zirga a babur ɗina, da man aljihuna, ina auna zafi da laima, ina ƙirga wadda ta lalace. Ba wanda ya ba ni ko sisi, ban kuma yi ƙorafi ba, aikina ne.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ofishin da makarantarmu ta buɗe musamman don tallafa wa masu bincike. Akwai allo mai kyau a ƙofa, akwai na'urar sanyaya ɗaki. Na cike fom, aka ce kwafi bakwai, na yi bakwai. Mako na farko oga ya yi tafiya. Mako na biyu kwamiti bai zauna ba. A na uku magatakardan ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Dakta, ka ƙara haƙuri. Ko kuwa ka biya da kuɗinka, ka kawo rasit a mayar maka." In ina da miliyan uku a ajiye, me zai kawo ni gabanka ina ranka ya daɗe? Fayil ɗina kuwa ga shi can a gefen tebur, an ɗora masa kofin shayi.

Ko da kuɗin na hannu ma, ta ina zan tura? Tun 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar baki ɗaya, haka kuma ake a lokacin da nake wannan fama. Sai ka nemi wani ɗan'uwa a Ingila ko Maleshiya ya biya maka, kai ka biya shi da farashin 'yan canji. Na rubuta wa mujallar ina roƙon a yafe min. Amsa ta zo cikin ladabi: Bankin Duniya bai sa Najeriya a sahun ƙasashe mafi ƙarancin samu ba, don haka ragi kaɗan kawai za su iya. Wato a takarda mun fi ƙarfin sadaka. Kuma tawa mai sauƙi ce, babbar mujallar kimiyya ta Nature ta sa yuro 9,500 a 2021 ga mai son kowa ya karanta aikinsa kyauta.

Wa'adi ya cika, maƙala ta dawo min.

To makarantar nan da ta kasa fitar da fayil daga ƙarƙashin kofin shayi, ita ce ke cewa ba ƙarin girma sai da maƙaloli a Scopus, kundin nan na kamfanin Elsevier da ke tantance mujallu. Ita ce ke tara mu a ɗakin taro ana yi mana wa'azin ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: in naka biyar ne, kana da maƙaloli biyar da aka ambaci kowacce aƙalla sau biyar. Madalla. Amma wa zai ambaci abin da bai fito ba? Mujallunmu na gida, har da waɗanda ke kan AJOL, shafin intanet da ke tattara mujallun ilimi na Afirka, da ƙyar ake ba su rabin maki, kamar aikin da aka buga a Zariya ko Sakkwato ba ilimi ba ne.

Kowa ya san abin da wannan matsi ya haifar, ana dai yin shiru ne. Kullum akwatin saƙona cike yake da mujallun bogi masu kirana Farfesa, suna alkawarin bugawa cikin kwana uku in na tura 'yan daloli. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya yi shekaru yana tona asirinsu kafin ya rufe jerin sunayensu da yake wallafawa a 2017, su kuwa sai ƙaruwa suke. Ga kuma adashen suna: mutum shida su haɗa kuɗi, a jera sunayensu kan aikin mutum ɗaya, gobe a juya. Ni ma an yi min tayi. Wani abokin aiki da bai taɓa taka gonar albasa ba ya ce zai kawo dubu ɗari biyar in sa shi na biyu. Wallahi sai da na kwana ina juya maganar, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya a duk lamarin.

Ranar kasuwar da ta wuce na haɗu da dattijon da ya ba ni rudunsa na yi gwaji. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ina maganin ruɓar da ka ce za ka kawo muna?" Na ce masa Baba yana tafe. Ina tsaye a wurin wayata ta yi ƙara, magatakarda ne. Wai kwamiti zai zauna, amma an canza fom, in zo in cike sabo. Kwafi bakwai.