Minti Uku Suka Ba Ni, Ciwon Kuwa na Tsawon Rai Ne

Wata biyu ke nan da aka shaida mini cewa ina da ciwon suga, kuma har yau idan na tuna yadda aka faɗa mini, sai raina ya ɓaci. Ni malamin makaranta ne a Asawase, nan Kumasi, shekaruna 48. Ƙishirwa ce ta fara damuna, sai tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, sai ramar da ta sa abokan sallata suka fara tambayata ko lafiya. Na bar gida bayan asuba ban karya ba, na bi layin kati, na bi layin ɗibar jini, ban samu ganin likita ba sai gab da azahar. Idonsa na kan takarda ya ce: "Malam, suganka ya hau, ka rage zaƙi, ka sha wannan safe da yamma, ka dawo bayan wata guda." Kafin in buɗe baki har an kira na bayana.

Bai san cewa goggona da ta raine ni sai da aka yanke mata ƙafa saboda wannan ciwon kafin ta rasu ba, domin bai tambaya ba. Na shiga mota zuwa gida ina kallon yatsun ƙafata, kuma na kwana uku ban iya gaya wa uwargidana ba, ina lissafin shekarun autana da abin da ya rage masa a makaranta. Da an samu wanda ya ce mini mutane da yawa suna tsufa da wannan ciwo da ƙafafunsu da idanunsu matuƙar sun kula, da ban yi waɗannan kwanaki cikin wannan hali ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne "ka rage zaƙi" ɗin nan ta kusa halaka ni. Na daina sa suga a shayi, na bar zoɓo da lemon kwalba, na ci gaba da cin malmalar tuwon zafi biyu da dare da babban kofin koko da safe, ina ganin na bi umarnin likita. Babu wanda ya gaya mini cewa tuwo da banku da dokunu da sakwara da shinkafar wake duk suga suke komawa a cikin jini ko da harshe bai ji zaƙinsu ba. Takardar abincin da aka miƙo mini da Turanci take, cike da abubuwan da ba a ɗora wa tukunya a Zango. Ina miyar ayoyo, ina kuɓewa, ina zogale da gauta da ƙosai, waɗanda su ne a gabanmu? Maganin sugan da likita ya ba ni kuwa, wato metformin, da cikin wofi na riƙa shansa, ya hana ni sakat da gudawa da tashin zuciya, har na yi niyyar jefar da shi.

Wata tsohuwar ɗalibata da ta zama nas ce ta zauna da ni bayan la'asar ta warware mini. Ta ce: "Malam, tare da abinci ake shan wannan." Ta nuna mini cewa idan gwajin sugan jini da ake yi kafin karyawa ya kai 7.0 ko ya wuce, ciwon ne, kuma akwai wani gwaji, HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kimanin wata uku, wanda shi ma idan ya kai kashi 6.5 cikin ɗari ko ya wuce, ciwon ne. Ta koya mini duba tafin ƙafa kullum, da kai ido a auna duk shekara, da gane rawar jiki da zufa mai sanyi idan suga ya faɗi ƙasa da 3.9. Duka bai ci mata rabin awa ba. Rabin awa, ni da na shafe fiye da awa shida a kan bencin asibiti babu wanda ya ce mini uffan!

Sai kuma ɗakin magani. Ina riƙe da katin inshorar lafiya, tsarin da ƙasar nan ta Ghana ta kafa tun 2003, amma da na koma sai aka ce mini babu, in je kemis in saya. Na'urar gwajin gida da tsinkayenta ma daga aljihuna suke fita, har na koma gwaji sau biyu a mako don kada su ƙare.

To me zai hana mutane komawa wajen masu tallar magani da lasifika a kasuwar Kejetia, waɗanda ke rantsuwa cewa kwalba uku za ta raba mutum da suga har abada? Ƙarya suke yi, amma suna tsayawa su saurare ka, kuma da yarenka suke magana. Na san likita ɗaya ne ga ɗimbin jama'a, sai dai wannan ba hujja ba ce ta sallamar mutum cikin duhu. A ajiye nas ɗaya mai jin Hausa ta yi wa masu jira bayani a kan bencin da suke zaune.

Azumi na tafe, kuma har yanzu babu wanda ya gaya mini yadda zan yi da magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Na rubuta tambayoyina guda tara a takarda, kuma ranar da zan koma ba zan tashi daga kujerar nan ba sai an amsa mini su ɗaya bayan ɗaya.