Saniya Na Ci Tana Ramewa: Ba Kullum Ba Ne Tsutsa

Saniya tana kiwo yadda ya kamata, ba zazzaɓi, amma zawo ya ƙi tsayawa wata da watanni, haƙarƙari ya fito, ƙasan haɓa ya kumbura. A rugagen Dukku da Funakaye na jihar Gombe hukuncin farko shi ne tsutsa ko sammore. A ɗura maganin tsutsa, a bi da allura, a jira. Sau da yawa hasashen daidai ne.

To amma akwai wata cuta mai irin wannan kama, cutar Johne, wadda ta samo suna daga likitan dabbobi Bajamushe da ya bayyana ta a 1895. Ƙwayarta dangin ta tarin fuka ce. Bangon hanji take kama wa ta kaurara shi, har abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba. Kuma babu maganin da ke kawar da ita.

Muguntarta tana cikin jinkirinta. Maraƙi yakan kamu tun yana ɗan watanni, daga hantsar da kashi ya ɓata, ko dakashi, ko ruwan mashaya, amma alama ba ta bayyana sai ya kai shekara 2 zuwa 5. Kafin nan ma ya fara zubar da ƙwayar a kashinsa, ita kuwa tana iya kusan shekara a ƙasa mai laima. Tumaki da awaki galibi ba sa yin zawon, ramewa kawai suke.

Ni a ganina gyaran daga kwata zai fara. Gwajin jini yakan kuskure dabbar da cutar ba ta nuna ba, rainon ƙwayar daga kashi a ɗakin gwaji kuma yana cin wata 2 zuwa 4. Amma hanjin da ya yi kauri ya tattare, mahaucin da ya saba da kayan ciki zai gane shi da hannu. Me zai hana ma'aikatan lafiyar dabbobi a kwatar Gombe da Kumo su riƙa yankar samfur suna aikawa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a kuma rubuta inda aka sayo dabbar?

Sai batun kuɗi, inda gizo ke saƙar. Ka ce wa makiyayi ya yanka saniyarsa ba diyya, gobe da sassafe tana tike a hannun dillali, wani ya saya don kiwo ya kai cutar garkensa. Ba zan zarge shi ba, dukiyarsa ce. Jihar da ke son makiyaya su zauna wuri guda a gandun kiwo na Wawa-Zange ta sani cewa zaman cunkoso kan mashaya ɗaya shi ne abin da ƙwayar ke so, don haka gwaji da diyya su shiga kasafin tun yanzu.

Kafin gwamnati ta motsa, mai garke ya ware saniya mai zawo daga maruƙa, ya share wurin haihuwa, ya daina zuba ɗanyen taki inda ƙanana ke kiwo.